Allo, Alli da Mai Gardama

Masanin sinadarai yana da ɗakin gwaji, likita yana da asibiti. Mai binciken zurfafan lissafi kuwa, wato aljabara da jomitiri da tofoloji, ba shi da ma'aunin gane ingancin hujjarsa sai idon ɗan'uwansa. Saboda haka taron ƙara wa juna sani shi ne maƙerarsa. A Yunin 1993 Andrew Wiles ya tsaya a Kambirij ta Ingila ya gabatar da hujjar da ta warware matsalar Fermat, wadda ta gagari masana fiye da shekara 350. Aka yi tafi, labari ya zaga duniya. Sai masu bin hujjar layi-layi suka gano ɓaraka, kuma bai ɗinke ta ba sai a Satumban 1994, da taimakon Richard Taylor. Darajar aikin daga hannun masu gardamar nan ta fito.

Arewa ba baƙuwar fannin ba ce. Muhammad al-Kashinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya rubuta ƙa'idojin tsara hatimi mai gidaje mara, kuma Farfesa Iya Abubakar ya koyar da lissafi a Zariya kafin ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1975 zuwa 1978. Taruka ma ana yi: akwai na Ƙungiyar Masana Lissafi ta Najeriya duk shekara, akwai bitocin Cibiyar Lissafi ta Ƙasa da ke Abuja, TETFund kuma tana ɗaukar nauyin tafiyar malamai. Inda gizo ke saƙa shi ne salon da tarukan ilmi da yawa suka ɗauka. Jawaban manyan baƙi su cinye hantsi, mai muƙala ya sami 'yan mintoci, a miƙa masa takardar shaida da zai liƙa a fayil ɗin ƙarin girma. Hujja mai shafi talatin ba ta tantancuwa a haka. Zauren malam ma ya fi wannan tsari, domin can ɗalibi ba ya ƙetare layin Ajurumiya sai ya fasa shi.

Wani zai ce a Zamfara, inda hanyar Ƙaura Namoda zuwa Zurmi da Shinkafi ta zama abin fargaba, zancen tofoloji almubazzaranci ne. Maganar tana da nauyi, amma ta manta cewa babu binciken da ya kai lissafi araha. Malaman Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙaura Namoda, wadda aka kafa a 1983, da takwarorinsu na Jami'ar Tarayya ta Gusau, ba sa buƙatar na'ura kafin su zauna mako-mako kan muƙala guda: allo, alli, da mutum biyar masu taurin kai. Wani kuma zai ce intanet ta wadatar, tunda Grigori Perelman can ya ajiye hujjarsa ta matsalar Poincaré a 2002 da 2003. Sai dai masana sun shafe kusan shekara uku, rukuni-rukuni, suna tsefe ta kafin a amince a 2006. Kuma mutumin Zamfara bai manta Satumban 2021 ba, lokacin da aka katse layukan waya a jihar baki ɗaya, mai kwamfuta da marar ita suka zama ɗaya.