Kamun Kai: Kalmar Da Aka Rage Wa Ma'ana

A cikin 1974 wani Bature, A. H. M. Kirk-Greene, wanda ya yi aikin mulki a Adamawa, ya kuma koyar a Zariya, ya buga ɗan littafi a kan abin da Hausawa ke nufi da mutumin kirki. Ya lissafa halaye goma: gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. Lissafin ya yi kyau, amma fa akwai giɓi, gama babu kamun kai a ciki.

Wataƙila wani ya ce ai haƙuri da kunya sun ƙunshe shi. Ba haka ba ne. Haƙuri jure abin da ya auko wa mutum ne, ba da sonsa ba. Kunya kuwa tana bukatar idon jama'a. Amma kamun kai shi ne mutum ya sami iko da abin da ransa ke so, babu mai gani, babu mai hanawa, sa'an nan ya tsaya a kan gwargwado. "Kai" a nan ba na bisa wuya ba ne, shi ne na "shi da kansa". Watau mutum ya zama shi ne doki, shi ne kuma mai riƙe da linzami.

Yau an ƙuntata kalmar. Da an ce "kamun kai", sai hankali ya tafi ga tarbiyyar 'yan mata, kamar magidanci ba shi da rabo a ciki. Wannan kuskure ne, kuma wanda ya je Dawanau da kaka zai gane.

Dawanau tana ƙasar Dawakin Tofa, a kan hanyar Katsina, inda gonaki suka matsu, ba a barin saura, sai a kai taki a sake nomawa kowace shekara. A nan aka kafa kasuwar hatsi a 1985, wadda fatake ke zuwa mata daga Nijar da Cadi da Kamaru. Manomin da ke kusa da ita, kuɗi na kiransa kullum. Da kaka hatsi na araha, ga bukukuwa sun taso. Wanda ya kwashe gero da dawa ya kai kasuwa don a ce ya yi bajinta, shi ne za a gani da marka, rumbu wayam, yana awo da tsada, ko yana ƙodago a gonar wani, tasa na cin ciyawa. Wanda ya ƙidaya dammansa, ya ware na ci da na iri da na zakka, ya sayar da rara kaɗai, shi ne mai kamun kai.

Sai dai kada a haɗa shi da rowa. Attajirin da ya kulle buhuna a sito yana jiran yunwa ta tsananta, hatsi ya kama, bai kama kansa ba. Marowaci yana hana wa wani, mai kamun kai yana hana wa zuciyarsa. Kwaɗayi mabuɗin wahala, in ji masu iya magana.

Saboda haka ya kamata malamai da marubuta su mayar wa kalmar nan faɗinta, a riƙa auna maigida da ita kamar yadda ake auna 'yarsa.