Sharhi a kan Juya Ma'aunin LARS zuwa Hausa

A shekarar 2012 Emmertsen da Laurberg, likitoci a birnin Aarhus na ƙasar Danmak, suka fito da wata 'yar takardar tambayoyi da a ke kira LARS, domin auna wahalar bahaya da kan sami wanda aka yi wa fiɗa saboda ciwon dajin ƙarshen hanji. Sun gina ta a kan amsoshin majinyata 961. Tambayoyi biyar ne kacal, maki kuwa daga 0 zuwa 42. Wanda ya kai 30 an ce lalurarsa mai tsanani ce. A 2014 aka inganta fassararta cikin harsunan Suwidin da Sifen da Jamus.

Hanyar da a ke bi sananniya ce tun daga aikin Brislin na 1970 da na Beaton da abokansa na 2000: a juya takarda zuwa sabon harshe, wani dabam ya komar da ita harshen asali, a gwama, sa'an nan a gwada ta a kan majinyata. Da irin wannan hanya masana a Jami'ar Bayero suka juya ma'aunin Oswestry na ciwon baya zuwa Hausa a 2019. Aiki ne abin yabo. Amma fa ciwon baya ba abin kunya ba ne, kuma a nan ne hanyar za ta gaza in an zo kan LARS.

Mu ɗauki tambayar farko, wadda ke son sanin ko iska na kuɓuce wa mutum. In mai fassara ya rubuta "tusa", ma'ana ta fita sarai, mai komarwa kuma zai dawo da kalmar asali daidai, kwamiti ya sa hannu. To, amma wace yarinya ma'aikaciyar jinya za ta dubi dattijo sa'an mahaifinta ta karanta masa wannan? Za ta sāke kalmar da bakinta, ta ce "hutu" ko "iska", watau takardar da aka inganta ba ita ce ta isa kunnen majinyaci ba. Komarwa tana gwada kalma da kalma ne kawai. Ba ta jin shirun da kan biyo bayan tambaya. Haka nan "bayan gida" na nufin wurin, yana kuma nufin abin da a ke yi a wurin. "Gudawa" kuwa cuta ce mai zuwa ta wuce, alhali tambaya ta biyu yoyo ta ke nema, wanda mutum zai musa ko da yana fama da shi, muddin an kira shi da sunan gudawa.

Sai batun wace Hausa. A unguwa irin Kurmin Mashi ta Kaduna, Bakano da Bazazzagi da Bajju da Bayarabe duk da Hausa su ke ciniki, amma "kewayawa" da "bahaya" ba kowa ya san su ba. Takardar da aka gwada a Kano kaɗai ba ta zama ta Kaduna ba tukuna.

Abin da ya fi damuna shi ne makin kansa. Matsuwar da kan sa mutum ya ruga masai an ba ta har 16, komawa cikin awa ɗaya 11, kuɓucewar iska 7, yoyo 3. Waɗannan lambobi ba daga sama suka faɗo ba: an samo su ne daga yadda kowace lalura ta ɓata wa mutanen Danmak jin daɗin zamansu. Musulmi kuwa yana salla sau biyar a yini, iska tana karya alwala, najasa a tufa tana hana shi shiga sahu da natsuwa. Ko da ya ke malaman Malikiyya sun sassauta wa mai irin wannan lalura, limamin da ya daina jan salla saboda ita ba zai yarda nauyinta 7 ne ko 3 ba. Har wa yau, wanda ke gidan haya mai masai ɗaya ga ɗakuna da yawa, rugawarsa ba irin ta mai ban ɗaki a cikin ɗakinsa ba ce.

Masu ma'aunin za su ce in an taɓa makin ba za a iya gwama ƙasa da ƙasa ba. Gaskiyarsu. Saboda haka a bar makin yadda ya ke, amma a ƙara tambaya a gefe kan alwala da salla da ba ta shiga jimla, a rubuta takarda biyu, ta "ka" da ta "ki", a kuma gwada ta da baki, namiji ga namiji, mace ga mace, tun da yawancin dattawa karanta musu za a yi.