Harshen Gida da Harshen Makaranta: Sharhi a kan Littafin Ngugi

A shekarar 1986 ne marubucin ƙasar Kenya, marigayi Ngugi wa Thiong'o, ya fito da littafinsa mai suna Decolonising the Mind, wanda jigonsa shi ne 'yantar da tunanin Baƙar Fata daga ƙangin harshen 'yan mulkin mallaka. Manufar wannan ɗan sharhi ita ce a duba babin farko na littafin, a ga inda marubucin ya yi daidai da kuma inda ya bar baya da ƙura.

Ngugi ya nuna cewa ya tashi da harshen Gikuyu a gida da gona da dandalin tatsuniya, har ma da azuzuwansa na farko. Amma bayan dokar ta-ɓaci ta 1952, sai gwamnatin mallaka ta karɓe makarantun 'yan ƙasa, Ingilishi ya zama sarki. Yaron da aka kama yana magana da harshen uwarsa ya sha bulala, ko a rataya masa allon ƙarfe mai kiransa jaki. Abin takaici kuma, yaran ne da kansu ake sa wa su tona asirin junansu.

Ƙarfin babin yana cikin misali guda. Akwai wani ɗan ajinsu da ya yi zarra a dukkan darussa, amma ya faɗi Ingilishi, saboda haka aka kayar da shi gaba ɗaya, ya ƙare a yaron mota. Shi kuwa Ngugi, da sakamakonsa bai kai na wancan ba, Ingilishi ya kai shi babbar makarantar Alliance. Wato ke nan harshe ya zama rariyar tace masu rabo da marasa rabo. Duk wanda ya ga yadda faɗuwa Ingilishi a jarrabawar WAEC ke rufe wa ɗan talaka ƙofar jami'a a ƙasar nan, ya san zancen ba na Kenya ba ne kaɗai.

To, amma akwai gyara a wurare biyu. Na farko, maganin da ya bayar, wato marubuta su koma rubutu da harsunansu, bai kai girman cutar ba. Mu Hausawa shaida ne. Muna da ajami tun kafin zuwan Turawa, gasar 1933 ta haifar da Ruwan Bagaja da Shaihu Umar, Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a 1939. Duk da haka, waɗanda suka koyi Ingilishi a Kwalejin Katsina su ne suka riƙe ragamar mulkin Jihar Arewa, malamin soro kuwa ana lissafa shi cikin marasa ilmi. Ashe yawan littattafai ba ya rushe katangar, muddin jarrabawa da aikin ofis suna hannun harshe guda.

Na biyu, Ngugi ya raba fagen gida biyu, harshen Bature da harshen Afirka, bai tsaya sosai a kan yadda babban harshen gida ke danne ƙarami ba. Ɗan Bura ko ɗan Angas da ya shiga aji, Hausa da Ingilishi ne suka tare shi, nasa harshen kuwa a bakin ƙofa ya baro shi. Wannan ƙungiya tamu ya kamata ta riƙa tunawa da haka, don kada mu yi laifi tudu ne.

A taƙaice, littafin ya cancanci kowane ɗalibin Hausa ya nazarce shi, domin ya gano ciwon sarai. Sauran aiki, wato yadda yaro zai mallaki harsuna biyu ba tare da ɗaya ya zama abin kunya ba, yana wuyan malamai da masu tsara manhaja.