Fiffiken jirgi da tauraron Boma: wa zai tantance?

Masu bin gida-gida neman tsofaffin kaya sun ƙara sabon abu a cigiyarsu. Da dutsen guga ne na gawayi, da keken ɗinki, da anini mai huji. Yanzu har a ƙauyukan Kura da Bunkure sai ka ji ana tambayar lambobin tsofaffin soja. Yaron da ke cigiyar bai san inda Boma take ba, hoto kawai aka turo masa ta WhatsApp.

Cikin abin da masu tara irin waɗannan kaya a Turai da Amurka ke kwaɗayi akwai bajon ma'aikatan jirgin yaƙi na Yaƙin Duniya na Biyu, wato fiffiken da ake ɗinkawa a ƙirji. Kano kuwa tana da hannu a wannan tarihi. Daga watan Satumba na 1940 Ingila ta riƙa harhaɗa jiragen Hurricane da Blenheim a Takoradi, su biyo ta Legas, su sauka Kano, su wuce Maiduguri da Khartum har Alƙahira. Jirage sama da 5,000 suka bi wannan hanya. Saboda haka labarin "wani Bature matuƙi ne ya ba kakana" ba abin ƙaryatawa ba ne kai tsaye. Shi ya sa ma ɗan damfara yake son sa.

Mai sayen shanshera a Kura ba ya tsayawa kan bakin buhu, sai ya zura hannu ƙasa, ya ɗebo, ya ciza. Haka masana ke yi wa bajo: bayansa suke juyawa. Na sojan saman Ingila na ƙyalle ne, aikin zare. Matuƙi fiffike biyu, sauran fiffike ɗaya da harafi: AG na maharbi, N na mai duba hanya, E na injiniya. Kambin da ke kan na matuƙi na zamanin Sarki Joji na shida ne. In ka ga irin na Sarauniya, wanda aka koma yi bayan ta hau a 1952, to bai ga yaƙin ba. Ana haska shi da fitilar nan mai shuɗin haske, farin zaren zamani sai ya yi ƙyalli. Jabun ƙarfe kuma da aka zuba a yashi, haruffansa sun dakushe, jikinsa duk ƙananan ramuka. Tsatsa ba shaida ba ce, damina ɗaya a ƙarƙashin ƙasa ta isa.

Wani lokaci ma lissafi kaɗai ya wadatar. Tauraron da aka fi yi wa jabu shi ne na ma'aikatan jirgin da suka yi yaƙi a sararin Turai, kuma sai a 1945 aka ƙirƙiro shi. Wanda ya ce maka an tsince shi a filin jirgin Kano tun ana tsakiyar yaƙi, ka ba shi ruwa ya sha ka sallame shi.

Ni damuwata ba ta Baturen da zai sayi jabu ba ce, yana da madubinsa. Namu nake ji. Kakanninmu sojan ƙasa ne, rundunar RWAFF mai bajon itacen kwakwa. Runduna ta 81, mai tambarin baƙin gizo-gizo, ta shiga kwarin Kaladan na Boma a 1944; ta 82, mai masu biyu gicciye a kan gammo, ta yi Arakan. Da yawansu dako suka yi, kaya a ka cikin kurmi. Abin da suka dawo da shi shi ne tauraron Boma na tagulla mai tsini shida, da ƙyallensa ja a tsakiya. Ingila kuwa ba ta buga suna a bayan waɗannan taurari ba. In ka jera na mutumin Bunkure da na Baturen Landan, babu madubin da zai raba maka su.

Abin da ke rabawa yana cikin adakar tsohuwa: littafin sallama mai lambar soja, da hoto sanye da jar dara, da 'yan'uwan da ke iya cewa ga wanda ya tafi, ga shekarar da ya dawo. A ganina wannan ne tantancewa ta gaskiya, kuma ita ce ake rusawa kullum. Dillali ya karɓi tagullar ya ba da kuɗin da bai kai buhun taki ba, littafin kuma a bar shi gara ta ci, don ba shi aka turo a hoto ba. An yi asara biyu, har shi dillalin bai sani ba: lamba mai takardunta ta fi tsirararta daraja a kasuwar can.

Ban ce kada mai buƙata ya sayar ba, lokacin shuka ba ya jiran kowa. Amma a ɗauki hoton komai tukuna, gaba da baya, a rubuta suna da lamba, a nuna wa ofishin tsofaffin sojoji ko ma'aikatan Gidan Makama kafin a yi ciniki. In kuma za a sayar, a sayar da su tare, da sunan mai su.