Lissafin da ke Bayan Lale: Vanessa Selbst a Teburin Foka

Wanda ya hango teburin foka daga nesa zai ɗauka zaman kashe wando ake yi. Mutum tara sun kewaye tebur, ba mai ce wa wani uffan, kowa ya dafe karta biyu a kife, ana ta tura wasu 'yan faya-fayai masu launi zuwa tsakiya. A haka za a ci awa goma ko sha biyu, gobe kuma a dawo. A irin wannan zaman ne wata Ba'amurkiya, Vanessa Selbst, ta ci kusan dala miliyan 12 a gasanni tsakanin 2006 da 2017. A 2014 kuma ta zama mace ta farko da ta hau matsayi na ɗaya a jerin 'yan foka na duniya, jerin da ya haɗa maza da mata. Sa'a takan ba mutum dare ɗaya ko biyu. Abin da ya ɗore fiye da shekara goma kuwa, dole akwai gwaninta a ciki.

Kafin mu yi nisa, foka da kuɗi caca ce, hukuncin caca a Musulunci kuwa ba ɓoyayye ba ne, haramun ce. Ba gayyatar kowa nake zuwa tebur ba. Aikin da ƙwaƙwalwa ke yi a wurin shi ne ya ja hankalina.

An haifi Selbst a Brooklyn da ke birnin New York a 1984. Ta yi digirinta na farko a fannin kimiyyar siyasa a Jami'ar Yale, ta je Sifaniya da tallafin karatu na Fulbright, daga baya ta koma Yale ta kammala karatun lauya a 2012. Tana karatun tana buga karta, kuma kamar yawancin tsararrakinta, a intanet ta goge. Can babu jiran lale, mutum kan buɗe tebura da yawa lokaci guda, ya buga a wata ɗaya abin da ɗan wasan da yakan yi shekara bai buga ba.

Kayan aikin ba su da yawa. Karta 52 ce, iri huɗu, biyu ja biyu baƙi, kowane iri guda 13, kuma kati mai harafin A shi ne babba. Mai lale ma'aikacin gidan ne, ba ya cikin wasa. Faya-fayan nan, da ake kira cip, su ne ke tsayawa a madadin kuɗi. Sai wani farin faifai da ke zagaya tebur, kujera ɗaya bayan kowane lale. Mutum biyu na hagun mai faifan dole su yi zubi tun ba su ga kartarsu ba, don a sami abin da za a yi faɗa a kansa.

A nau'in da ya fi shahara, Tekzas Holdem, ana ba kowa kati biyu a kife. Sannan mai lale ya buɗe guda biyar a tsakiya, na kowa da kowa: uku a tare, sai ɗaya, sai ɗaya. Zagayen zubi huɗu ne, ɗaya kafin a buɗe komai, sauran bayan kowace buɗewa. Idan layi ya zo kanka, ko ka yar da kartarka ka fita, ko ka biya daidai abin da aka zuba, ko ka ƙara. Mai haɗi mafi ƙarfi na kati biyar shi ke kwashe tarin, sai fa idan kowa ya gudu ya bar wa mutum ɗaya, to shi ba sai ya nuna komai ba.

Darasin farko da ƙwararriya ke koya shi ne yarwa. Akwai hanyoyi 1,326 da kati biyu za su iya haɗuwa a hannu, waɗanda ke dunƙulewa zuwa iri 169, kuma mafi yawansu tarkace ne. Wanda ya zo kashe lokaci ba ya iya haƙurin zama, kowane hannu sai ya shiga don kada a yi ba shi. Ita kuwa tana yarwa, amma idonta bai bar tebur ba. Wa ke ƙara zubi duk sanda faifai ya zo kansa? Wa ke gudu da zarar an mayar masa da martani? Nawa ya rage a gaban kowa? Na kusa da ita yana latsa waya, ita tana tara bayanin da za ta ci shi da shi bayan awa uku.

Faifan nan ma ba ado ba ne. Mai riƙe da shi ne ke magana a ƙarshe bayan an buɗe karta, kamar mai sayen sa a kara da ya bari kowa ya taya kafin ya buɗe baki. Shi ya sa kati biyun da za ta yar idan ita ce ta farkon magana, su ne dai za ta ƙara zubi da su idan faifai na gabanta.

Sai lissafi, kuma nan ne zuciyar sana'ar. A ce tana riƙe da kati biyu iri ɗaya, a tsakiya an buɗe huɗu, biyu daga ciki irin nata ne. Ɗaya ya rage mata ta cika biyar iri ɗaya, haɗi mai ƙarfi. Ta ga huɗu cikin 13, saura tara ke nan. Katunan da ba ta gani ba 46 ne. Tara cikin 46, wajen kashi 20 cikin ɗari. Yanzu a tarin akwai dala 100, abokin karawa ya zuba 50. Idan ta biya 50 tarin ya zama 200, wato kuɗinta rubu'in tarin ne, don haka sai tana cin irin wannan hannun sau ɗaya cikin huɗu kafin ta mayar da uwar kuɗi. Damarta ɗaya cikin biyar ce. Bai kai ba, sai ta yar, sai dai in ta tabbata za ta ƙara tatsar wani abu daga gare shi idan katin ya zo. Da 20 ya zuba, da kuɗinta kashi 14 ne kacal na tarin, sai ta biya ba tare da ta yi wata-wata ba. Karta ɗaya, dama ɗaya, amsa biyu, farashi ne ya raba su. Duk wannan a cikin daƙiƙu take yin sa, fuska a sake.

Burga ma da ma'auninta. Burga ita ce ka zuba kuɗi da hannun banza don mai hannun kirki ya tsorata ya fita. Idan ta zuba 50 a kan tarin 100, ya isa abokin karawa ya gudu sau ɗaya cikin uku ta mayar da uwar kuɗi. Idan ta zuba 100, sai ya gudu sau ɗaya cikin biyu. Amma burgar sai ta yi daidai da labarin da zubinta ya riƙa bayarwa tun farkon hannun, in ba haka ba mai lura zai gano ta. A nan Selbst ta yi suna. Ba ta barin kowa ya sha ruwa, ƙari take yi a kan ƙari har mutum ya rasa sanda take da gaskiya. A 2006, a teburin ƙarshe na wata gasa ta WSOP, babban taron foka da ake yi duk shekara a Las Vegas tun 1970, ta tura duk abin da ke gabanta da kati 5 da 2, ta faɗa kan mai A biyu, ta fita a matsayi na bakwai, ga kyamarorin talabijin. An yi mata dariya. A ganina, abin da aka yi wa dariyar shi ne ya riƙa ciyar da ita daga baya, domin wadda aka san tana iya yin haka da 5 da 2, ranar da ta zo da babban hannu dole a biya ta.

Ƙwararriya ba ta zama tana cankar kati biyun da ke hannun wani. Tana jera duk abin da zai iya riƙewa, kowane zubi da ya yi sai ta soke wasu, har jerin ya rage kaɗan. Dubi wani hannu na 2017, a zangon farko na babbar gasar WSOP mai kuɗin shiga dala 10,000. Selbst na da A biyu, hannun da ke zuwa sau ɗaya cikin 221. Gaëlle Baumann, 'yar Faransa, na da 7 biyu. Aka buɗe A, 7, 5, sannan wani 7, sannan 4. Selbst ta haɗa A uku da 7 biyu. Baumann ta tura komai nata. A duk kartar nan haɗi ɗaya tak ke iya doke Selbst, wato sauran 7 biyun. Waɗanda take dokewa kuwa da dama: A da 7, ko 5 biyu. Mafi yawan mutane kafin a rufe baki sun biya. Ita sai ta tsaya tana juya lissafin a fili, domin ta san ba kasafai ake tura komai a wannan matakin da ƙaramin abu ba. Daga ƙarshe ta biya, Baumann ta buɗe kartarta, ta haɗa 7 huɗu, Selbst ta miƙe ta bar gasar tun ba a yi nisa ba. Har yau masana na gardama ko za a iya yar da wannan hannun. Abin da ya burge ni shi ne tsayawar da ta yi, tana riƙe da hannu na biyu mafi ƙarfi amma ta hango na farkon.

Wannan ne ya sa 'yan sana'ar ke auna kansu da kyawun shawara, domin A biyu ma 7 biyu kan doke su kusan sau ɗaya cikin biyar. A gasa kuma wajen kashi 15 cikin ɗari na mahalarta ne ke samun ko sisi. Gwani kan yi watanni yana biyan kuɗin shiga, jirgi da masauki ba riba, don haka ba ya saka babban kason jarinsa a gasa ɗaya, wani lokacin ma yakan sayar wa wasu da kaso a cikin wasansa. Dala miliyan 12 ɗin nan ma ba a cire waɗannan ba, balle haraji. Bayan an tashi kuma sai bita: a dawo da hannuwan da aka buga ɗaya bayan ɗaya, a saka su a manhaja, a yi musu da abokai. Selbst har koyarwa ta yi a dandalin DeucesCracked.

Kyautar WSOP munduwar zinare ce, kuma uku ta ci, duk a gasannin da ake karawa da maza, ita ce mace ta farko da ta yi haka. Ta 2008 a Omaha ce, inda ake ba kowa kati huɗu amma dole ya yi aiki da biyu kawai. Ta 2012 a gasar da ke jujjuya nau'in wasa goma ce, kowanne da dokarsa da lissafinsa. Ta 2014 a Holdem ce, mai kuɗin shiga dala 25,000. A tsakani ta ci yuro miliyan 1.3 a Cannes ta Faransa a 2010, ta kuma lashe gasar Mohegan Sun a 2010 ta sake lashe ta a 2011. Duk wannan a fagen da mata ba su cika kai kashi biyar cikin ɗari na mahalarta babbar gasa ba.

A ƙarshen 2017 ta sanar da cewa ta ajiye foka a matsayin sana'a, tana da shekara 33. Cikin dalilanta akwai gajiyar yawan tafiye-tafiye da kuma yadda wasan ya ƙara tsauri, har sai mutum ya ba shi dukkan lokacinsa kafin ya tsaya a sahun gaba. Daga nan ta kama aiki a Bridgewater Associates, ɗaya daga cikin manyan kamfanonin juya jari na duniya.