Aku a Zamanin Kulle: Me Marubuci Ya Tsinana Ranar Annoba?

A watan Yunin 2020 jaridar Sunday Times ta ƙasar Singafo ta buga sakamakon jin ra'ayin mutum 1,000 game da sana'o'in da al'umma ba za ta iya rayuwa ba tare da su ba. Likitoci da ma'aikatan jinya ne suka zo kan gaba, masu shara da masu kwashe bola na biye da su. A jerin sana'o'in da aka ga za a iya haƙura da su kuwa, mai fasahar ƙirƙira ne ya zo na ɗaya, da kashi 71 cikin ɗari. Mawaƙa da marubuta da masu zane suka yi ta tayar da jijiyar wuya. Ni da na ci karo da labarin a waya ina zaune a gida a Kano, jami'a a rufe, kunya ce ta kama ni. A lokacin yayata ma'aikaciyar jinya tana fita da asuba, ta nuna katin shaida a shingayen jami'an tsaro, ta dawo da shatin takunkumi a fuskarta, ni kuwa ina ɗaki ina gyaran baitoci.

Zan fara da amsa abin da ba ya musantuwa. Mutumin da numfashinsa ke sarƙewa iskar oksijin yake bukata, kuma duk baitocin duniya ba za su ba shi ita ba. Idan an ɗora likita da marubuci a sikeli ɗaya a wannan sa'a, likita ya rinjaya, marubucin da ya yi jayayya kuma ya zubar da girman alƙalaminsa. Abin tambaya shi ne ko akwai wani aiki da annoba ke ɗora wa mai ƙirƙira, kuma ko mun yi shi.

Hujjoji biyu na fi jin ana kare mu da su. Ta farko faɗakarwa ce: mawaƙa da 'yan fim sun yi ta kiran jama'a su wanke hannu, su guji cunkoso. Aiki ne mai kyau, sai dai sanarwar rediyo ta minti ɗaya ma tana yin sa, kuma adabin da ba shi da abin tutiya sai wannan ya mayar da kansa sanƙiran ma'aikatar lafiya. Ta biyu nishaɗi ce. A cikin wannan shekara waƙar Jaruma ta Hamisu Breaker ta karaɗe gidaje lokacin ƙaramar salla, finafinai masu dogon zango irin su Izzar So da Labarina kuma suka tara iyalai gaban waya da talabijin. Masu sukar adabi kan raina wannan hujja, ni kuwa ina ganin tana da nauyi, kuma Abubakar Imam ya riga mu gane nauyinta.

A littafi na ɗaya na Magana Jari Ce, wanda ya fito a 1937, Sarki Abdurrahman ya tafi yaƙi ya bar ɗansa Musa a gida, waziri kuma yana ƙulla makircin hallaka yaron da zarar ya fita. Kullum dare Musa ya yi shirin bin sahun mayaƙa, sai aku ya ɗauko labari ya riƙe shi har gari ya waye. Da na sake karanta shi a cikin kulle, sai na ga dokar zaman gida ce Imam ya siffanta. Hatsari yana waje, tsira tana cikin zama, amma rai ba ya jure zama haka kawai. Ƙofa tana iya tsare jiki. Zuciyar Musa labari ne ya tsare ta. Doka ta ce mu zauna, mai labari ya sa zaman ya yiwu, kuma duk wanda ya zauna ya rage wa yayata gado ɗaya a asibiti.

Duk da haka, wannan hujja tana da gurgun ƙafa, kuma Decameron na Giovanni Boccaccio ne ya nuna mini shi. Lokacin annobar 1348, mata bakwai da maza uku suka gudu daga birnin Fulorens na Italiya zuwa wani gidan gona, suka ba juna labarai ɗari cikin kwana goma na hira. An sha yabon littafin a matsayin shaidar cewa labari yana rayar da mutum. Amma waɗannan 'ya'yan masu hali sun tafi ne da barorinsu, waɗanda aka raba wa aikin cefane da girki da gyaran ɗakuna. Boccaccio ya ambaci sunayensu, sai dai ko ɗaya daga cikin labaran ɗarin ba a bakinsu ya fito ba. Wannan ne zunubin da ke bibiyar adabin annoba: mai hira yana hutawa a kan gumin wanda ba a ba shi damar magana ba. Ni ma baitocina an rubuta su ne da hasken lantarkin da wani ya fita ya kula da shi, da ruwan da mai garuwa ya turo.

Albert Camus ya fi kusantar gyara wannan a La Peste, littafinsa na 1947 kan annoba a birnin Oran na Aljeriya. Akwai Joseph Grand, ƙaramin akawu da ya shekara da shekaru yana goge jimlar farko ta littafin da bai taɓa gamawa ba. Da annoba ta zo, ya karɓi aikin riƙe ƙididdiga ga 'yan sa-kai masu yaƙi da cutar, bai kuma daina komawa ga jimlarsa da dare ba. Shi mai ba da labarin ya nuna a matsayin gwarzo. A ƙarshe kuma sai ta bayyana cewa mai ba da labarin shi ne likita Rieux, wanda ya ɗauki alƙalami domin ya ba da shaida a madadin waɗanda cutar ta ci. Wato bayan likita ya gama aikinsa na likita, ya tarar da saura aiki, kuma sauran na marubuci ne.

Wannan saura shi ne bashin da ke wuyanmu. A watan Afrilun 2020 masu haƙar kabari a maƙabartun Kano ne suka fara shaida wa 'yan jarida cewa gawarwaki sun yi yawa fiye da yadda aka saba. A watan Yuni ministan lafiya, Osagie Ehanire, ya ce an lissafa mace-mace 979, kuma kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari na iya kasancewa da nasaba da korona. Adadin yana da amfani ga hukuma. Amma ba ya gaya mana abin da mai haƙar kabari ya ji a kafaɗarsa da rana ta faɗi, ko yadda aka yi zaman makoki a gidan da aka hana taruwa, ko abin da ɗan dako ya ci da aka rufe kasuwar Kantin Kwari. Rahoto yana tsufa cikin mako guda. Idan ba a mayar da waɗannan mutane cikin labari da waƙa da fim ba, jikokinmu za su gaji lamba kawai.

Saboda haka na daina neman a saka sunana a jerin masu muhimman ayyuka. Jerin nasu ne, sun kuma saye shi da lafiyarsu. Ma'aunin da nake auna ayyukanmu na wancan zamani da shi yanzu tambaya ɗaya ce: wa aka ba bakin magana? Aikin da ya tsaya ga kaɗaicin marubuci a ɗakinsa ya bi sahun masu hirar Boccaccio. Wanda ya fita ya saurari mai shara da mai jinya da mai wankan gawa, shi ya fara rage bashin.

Wani dare yayata ta dawo, ta zauna a bakin ƙofa don ba ta son kusantar mahaifiyarmu kafin ta yi wanka. Ta tambaye ni abin da nake rubutawa, na ce waƙa ce a kan kewar abokai. Ta yi murmushin gajiya ta ce, "Ɗan'uwa, in ka gama, akwai wata tsohuwa da ta rasu a hannuna yau, ba kowa nata a kusa. Zan ba ka labarinta." Na rufe littafin waƙar, na buɗe sabon shafi.