Mai Dariya da Mai Tambaya: Waƙar Fela da Littafin Toni Morrison Bisa Ma'auni

Jama'a, iyayenmu da samari da 'yan mata, yau kaya biyu za mu aza bisa ma'auni, ɗaya waƙa, ɗaya littafi. Masu su ba ƙasarsu ɗaya ba, amma miki guda suka taɓa, watau ciwon wanda ya dubi madubi ya ƙi abin da ya gani. Ciwon nan kuwa ba baƙo ba ne a zango. Ko wa ya ratsa kasuwa a Nima ko Kumasi ya ga yadda a ke cinikin man bilicin ya san haka.

Mu fara da waƙar. Fela Anikulapo Kuti, mutumin Abeokuta, ya fid da faifan da ya sa wa suna Yellow Fever cikin 1976, ma'anarsa zazzaɓin shawara. Da Turancin buroka ya yi ta, don mai talla da ɗan dako su ji ba sai da tafinta ba. Dabararsa ita ce ya jero zazzaɓi iri iri, sa'an nan ya raba na shawara gida biyu. Akwai wanda ke kama mutum ba da sonsa ba, akwai kuma wanda mace ke kai kuɗinta kasuwa ta sayo da hannunta. Daga nan sai ya shiga siffanta mai shafe-shafe, fuska ta yi fari, sauran jiki ya ƙi, ta zama dabbare-dabbare.

Lalle a nan Fela bai yi ƙarya ba, likitoci ma shaidunsa ne. Abin da ke ba fata baƙinta wani sinadari ne da a ke kira melanin, shi ne laimar da ke tare mata zafin rana. Mayukan nan galibi ba su rasa ɗayan abu uku. Na farko haidirokwinon, wanda ke hana fata yin melanin. Likita ya kan ba da shi na ɗan lokaci don tabo, amma in aka daɗe ana shafawa sai ya juya, ya bar baƙin tabo mai shuɗi-shuɗi a kumatu, mai wuyar fita. Na biyu sitiroid, mai sa fata ta yi sirara har jijiyoyi su bayyana, ga nankarwa, ga ƙuraje, rauni kuma ya ƙi warkewa da wuri. In ya yi yawa cikin jiki har hawan jini da ciwon sukari ya kan jawo. Na uku zaiba, mai ɓata ƙoda da jijiyoyi, ta kuma taɓa ɗan da ke ciki. Saboda irin wannan ɓarna ne Kwaddibuwa ta hana mayukan cikin 2015, hukumar abinci da magunguna ta Gana kuma ta hana shigo da masu haidirokwinon cikin 2016.

To, ina laifin waƙar? Laifinta shi ne ta tsaya kan mace ta yi ta mata dariya, ba ta waiwayi wanda ya aike ta kasuwa ba. Saurayin da ya bar baƙa ya bi fara ya ji waƙar ya taka rawa, ya koma gida ba abin da ya taɓa shi. Ita kuwa wadda aka yi wa, da ma raini ya kai ta ga kwalba, yanzu an ƙara mata wani rainin. Wadda aka kunyata ba ta cika bari ba, sai dai ta ƙara ɓoyewa, ko ta nemi man da zai daidaita mata gaɓoɓin yatsu. Yau shekara wajen hamsin ke nan da waƙar, ciniki kuwa bai mutu ba.

Sai littafin. Toni Morrison baƙar fata ce ta Amurka, ita ce ta sami lambar Nobel ta adabi cikin 1993, ta rasu cikin 2019. Littafinta na farko, The Bluest Eye, ya fito cikin 1970. Labarin wata yarinya ne, Pecola, 'yar shekara 11, a garin Lorain na jihar Ohayo, wajen 1941. Ba ta shafa kome ba. Abin da ta ke roƙon Allah dare da rana shi ne ya ba ta idanu shuɗɗa irin na 'ya'yan Turawa, don tana zaton in ta samu, duniya za ta so ta, faɗan gidansu ma zai ƙare.

Gwanintar marubuciyar ita ce ba ta tsaya ga yarinyar kaɗai ba, sai da ta bi sawu ta nuna mana inda tunanin nan ya shigo. Ga kofin shan madara mai hoton Shirley Temple, 'yar Baturiyar nan ta silima, wanda Pecola ke ta ɗirkar madara don ta riƙa kallonsa. Ga 'yar tsana fara da a ke ba yara kyauta a ce musu ita ce kyakkyawa. Ga mai kanti da ke karɓar kuɗinta ba ya ko son hannunsa ya taɓa nata. Ga 'yar makaranta mai hasken fata wadda malamai da yara ke rawar jiki a kanta. Abin da ya fi duka zafi, ga uwarta, mai aikatau gidan Turawa. Ran da Pecola ta zub da abinci mai zafi a ɗakin girkinsu har ta ƙone, uwar ta buge ta, ta juya tana lallashin 'yar masu gida. Ƙarshenta wani boka ya yaudare ta, hankalinta ya gushe, ta riƙa yawo tana zaton ta sami shuɗɗan idanun. Mai ba da labarin, ƙawarta Claudia, ba ta wanke kowa ba, har kanta. Ta nuna mutanen unguwa duk sun riƙa jin su kyawawa ne don suna da wadda za su raina.

Littafin ma bai rasa aibi ba. Turancinsa da nauyi, labarin kuma a yanke ya ke gunduwa gunduwa, mai ƙaramin karatu zai sha wuya. Akwai kuma wurare masu muni, musamman abin da uban ya yi wa 'yarsa, don haka ba na yara ƙanana ba ne. Sa'an nan an jibga wa yarinya ɗaya masifa har ta yi yawa, mai karatu na iya cewa ai wannan gidan daban ne, namu ba haka ya ke ba, ya yi tausayi ya rufe littafi. Ita kanta Morrison ta ambaci wannan damuwa cikin bayanin da ta ƙara wa littafin daga baya.

Duk da haka, a ganinmu ma'auni ya rinjaya wajen littafin. Waƙar ta fi saurin kai wa kunne, ta kuma faɗi gaskiya game da fata. Amma littafin shi ne ke sa mai karatu ya binciki kansa, ga shi kuwa Hausawa sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hangi na wani.

To, mu taka namu. Ran suna, su wa ke duba kunnen jaririya suna cewa kaico, wannan baƙa za ta yi? Su wa ke kirarin farar mace alkyabbar mata a gaban 'ya'yansu baƙaƙe da masu wankan tarwaɗa? In an kawo amarya, me dangin ango ke fara dubawa? Yarinya tana ji tun ba ta iya magana ba, icce kuwa tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Iyayenmu, a yi haƙuri, wannan gyara daga bakinku zai fara. Samari, ku kuma ku san abin da ku ke yabo shi a ke saye.

Wadda ta riga ta shiga shafe-shafe kada a yi mata dariya. Ta je asibiti wajen likitan fata, don mai sitiroid ba a yanke shi rana ɗaya, fata ta kan yi bore, a hankali a ke janyewa. Man kaɗe da sabulun salo suna nan, ba su taɓa yi wa kowa alkawarin sake launi ba.

Marubutanmu na zango kuwa, ga fili. Muna jiran wanda zai ɗauki saukin harshe irin na Fela da zurfin kallo irin na Morrison, ya rubuta mana labarin 'yar unguwarmu da Hausa. Wanda ya yi, shafin nan nasa ne. Allah ya sa mu dace, amin.